Ƙahon Dokta Babaji

Duk wanda ya ce ilimi ya yi ƙaura daga Katsina, to bai taɓa tsayawa a bakin titin Ƙofar Sauri da safe ya ga saukowar Dokta Babaji daga mota ba. Baƙar kwat ko da rana na narka kwalta, naktaye a shaƙe har maƙogwaro, tabarau a ƙarshen hanci, ga wata jakar hannu da ba a taɓa ganin an buɗe ta ba. Tun zamanin da can Allah Ya yi wa garin nan baiwar malamai, amma sai a kan Dokta aka samu wanda ilimi ya yi wa yawa har ya fara ture masa Hausa daga baki.

Kada kowa ya tambayi inda aka samo Doktan, tambayar ba ta da ladabi. Wata ƙungiya ce ta tara manyan mutane a wani otal a Abuja, ta ɗora musu hula mai igiya, aka ɗauki hoto. A wurin ne wani Bature ya riƙe masa hannu ya ce Turancinsa ya yi kyau. Bawan Allah bai san abin da ya jawo wa mutanen Katsina ba. Dokta ya dawo gida yana magana ta hanci, yana tambayar masu shayi sunan abubuwan da ya tashi yana ci. A Ƙofar Marusa, inda aka yanke cibiyarsa, suka sa masa Baturen Marusa. Yaran makarantar da yake shugabanta kuwa Dokta Desimal suke ce masa, amma sai ya ba da baya.

Makarantar ta Hajiya Ma'u ce, wata 'yar kasuwa da Allah Ya buɗa wa a harkar atamfa. Hajiya ba ta jin Turanci, amma tana da kunnen gane abu mai tsada, kuma da ta ji na Dokta ta san ba na gwanjo ba ne. Ta damƙa masa shugabancin makarantar, ta ce ita dai burinta yara su iya lissafi.

Lissafi kuwa, ai an zo gidansa. A taron safiya na farko ya hau kan dakali ya yi wa yara jawabin da har yau ake tunawa. Da Turanci ya yi shi, amma saboda waɗanda Allah bai ba su rabon zuwa otal ɗin Abuja ba, ga abin da ya ce:

"Yara, lissafi da Turanci aka haife shi, da Turanci ya yi wayo, kuma da Turanci zai mutu. Ku dubi yadda Bahaushe ke ƙirga. Yana son ya ce sha tara, sai ya tsallake ta ya je ashirin, sannan ya juyo da baya ya ce ashirin ba ɗaya. Al'ummar da ke ƙirga da baya, ta yaya za ta ci gaba? Sannan in ga yaro yana bin gaɓoɓin yatsunsa da babban yatsa wai lissafi yake! Yatsu na cin tuwo ne da jan tasbihi. Daga yau babu Hausa a makarantar nan, babu kowane irin yare. Na kashe su, na binne."

Malamai suka tafa, don albashi a hannunsa yake. Yara suka tafa, don sun ga malamai na tafawa.

Mai hikima ba ya kafa doka ya bar ta babu haƙori. Dokta ya sa aka samo ƙahon wani ragon layya, aka huda shi, aka zura masa jar igiya. Duk wanda aka ji ya yi yare, sai a rataya masa ƙahon a wuya. Shi kuma ya baza kunne, in ya kama wani ya sauke masa. Haka ƙahon zai yi ta yawo har ranar rufe zango, kuma wanda ƙararrawar ƙarshe ta same shi da shi a wuya, ya shiga uku: in ɗalibi ne ya maimaita aji, in ma'aikaci ne ya tattara nasa ya nasa.

Da aka yi wa Hajiya Ma'u bayani, sai ta ce, "Dokta, har malamai?"

Ya dafa ƙirji ya ce, "Har ni kaina, Hajiya!"

Maganar ta yi masa daɗi a baki ƙwarai. Washegari ya kira mai fenti ya sa aka rubuta dokar a jikin bangon da ke fuskantar filin taro, aka ƙara wannan jimla a ƙasa da manyan baƙaƙe, aka ja mata layi biyu.

Nasara ta zo nan da nan. Ɗanliti mai gadi, wanda kuma shi ke buga tsohon wilin motar da aka rataye a jikin darbejiya a matsayin ƙararrawa, ba shi da ko kalma ɗaya ta Turanci. Da ya fahimci dokar ta haɗa da shi, sai ya rufe bakinsa gaba ɗaya. In ka gaishe shi ya ɗaga hannu, in ka tambaye shi hanya ya nuna da haɓa. Dokta ya riƙa kawo shi misali a taro, yana cewa ga mutumin da ya san darajar ilimi. Yara ma suka daina hira lokacin tara, kowa na kallon bakin ɗan'uwansa kamar kyanwa a bakin rami.

A aji kuwa, sai waƙa. Yara suka haddace jadawalin sau da Turanci, suna rera shi da murya ɗaya har masu Keke a titi na jin daɗi. Gaskiya ne in ka tsayar da yaro ka ce bakwai sau shida, sai ya koma farkon waƙar ya taho a hankali, in ka katse shi kuma ya sake komawa. Gaskiya ne kuma ranar da Dokta ya tambayi ajin da yake koyarwa da kansa, tsakanin ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas wanne ya fi girma, duka ajin suka ce na takwas, tunda takwas ta fi huɗu. Amma da wane irin lafazi suka faɗa! Dokta ya ji kamar yana Landan, bai ga dalilin ɓata wannan kyakkyawan yanayi da gyara ba.

Abu ɗaya ne ya hana shi barcin rana, shi ne Malama Rahila ta aji huɗu. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, ba ta da hayaniya. Tun rasuwar mijinta take zaune da 'ya'yanta biyu a ɗakin ma'aikata da ke bayan makarantar, ɗakin da ke tafiya tare da aikin. Laifinta babba ne: duk jarrabawar da aka yi, yaranta sai sun wuce na Dokta. Mutumin da Bature ya riƙe wa hannu ba zai yarda wannan ya faru ta hanyar halal ba. Ya tabbata akwai abin da take yi in ta tura taga.

Akwai kuwa. Ajin nata kamar tashar mota yake, kowa da inda ya fito. Lailatu 'yar cikin gari ce, ta san sulusi da rubu'i da sumuni tun a Islamiyya, inda malaminsu ke karanta musu rabon gado. Caleb ɗan Filato ne, kakarsa da sha biyu-sha biyu take ƙirga buhunan acca, tana bin gaɓoɓin yatsu huɗu da babban yatsa. Rashida Bafulatana ce, a bakinsu shida biyar da ɗaya ce, bakwai biyar da biyu, don haka ita tun a zanin goyo ta fara tarawa. Akwai ma wata 'yar Yarbawa da sha biyar ɗinsu ashirin ce aka cire biyar. Malama Rahila sai ta tura taga ta ce, "Kai, a gidanku yaya ake cewa?" In kowa ya faɗi nasa, sai ta ɗora musu Turancin a kai, ya zauna daram.

Ranar da asirin ya tonu, Dokta da kansa ya yi aikin. Ya zagaya ta bayan aji, ya tsuguna a ƙarƙashin taga cikin kwat ɗinsa, tsakanin shukar fulawa da makwararar ruwa. Ilimi yana bukatar sadaukarwa. Yana nan tururuwa na hawa masa wando ya ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Lailatu, in ana rabon gado, da mai rubu'i da mai sumuni, wa ya fi samu?"

"Mai rubu'i mana, Malama. Shi gida huɗu aka kasa, wancan gida takwas."

"To shi ke nan. Abin da ke kan allo ke nan."

Sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya, "Auuu!"

Dokta bai taɓa jin wannan sauti a nasa ajin ba, kuma bai ji daɗinsa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya faɗa ajin kamar an jefo shi. Ranar ƙahon na wuyan Caleb. Ya zare shi, ya rataya wa Malama Rahila a gaban yaranta.

Ya ce, "Madam, na kama ki dumu-dumu kina zuba wa kimiyya daddawa. Doka ba ta san girma ba. Ga bango can, je ki karanta. Ki nemi wanda za ki sauke wa, in ba haka ba ranar rufe zango ki nemi mai kura ya kwashe miki kaya."

Ta ce, da Turancinta mai sauƙi, "Yallaɓai, yaran sun gane ne kawai."

Ya ce, "Ba ganewa aka kawo su yi ba. Ilimi aka kawo su nema."

A lissafin Dokta, ko ta wace hanya shi ne da riba. In ta sauke wa yaro, yaran za su tsane ta, ta daina yi musu daɗi. In ta riƙe, ta tafi. Har ya fara auna ɗakin nata da ido, yana ganin inda zai jera hotunansa in ya mai da shi ɗakin karatu mai ɗauke da sunansa.

Ta riƙe. Makonni suka yi ta wucewa tana shiga aji da ƙahon rago a ƙirji, ta fita kasuwa an san ta da shi, 'ya'yanta na jin ana yi musu dariya. Yara kuwa bakinsu bai daina suɓucewa ba, don mai ƙirga da zuci ba ya sanin lokacin da leɓensa ke motsi. Sai Malama Rahila ta mai da kanta kurma. Wata rana Dokta na leƙe ta taga ya ga Lailatu ta taso ta tsaya a gabanta, ta dube ta ido cikin ido, ta fara da ƙarfi, "Ɗaya, biyu, ukku, huɗu..." tana yi hawaye na zuba. Yarinyar so take a rataya mata, ko da za ta maimaita aji. Malama Rahila ta juya ta ci gaba da goge allo, ta ce da Turanci ba ta ji komai ba, kowa ya koma wurin zamansa. Abin da ban tausayi, duk mai zuciya a ƙirji sai ya ji wani iri. Dokta dai ya gane abin da ya gani sarai: taurin kai ne da rashin biyayya.

Ranar rufe zango ya mai da ita Ranar Lissafi, don a yi komai a idon duniya. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, iyaye suka cika fili, har da 'yan unguwarsu na Ƙofar Marusa da ya gayyato su ga inda Allah Ya kai ɗansu. Aka yi hayar manyan lasifika. Mai kayan ya miƙo masa makirufo na hannu, Dokta ya ce shi ba mai tallan magani ba ne, a ba shi ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a naktaye, irin na masu karanta labarai a talabijin. Aka maƙala masa. Malama Rahila na can gefe a tsaye tare da ajinta, ƙahon na wuyanta, an riga an ɗaure kayanta a ɗaki.

Yara suka rera waƙar sau, aka tafa. Dokta ya yi jawabi mai tsawo, wani tafinta da aka ɗauko daga waje na fassara wa iyaye.

"Ni da kuke gani, rabona da in yi tunani da Hausa har na mance. Da Turanci nake tunani, da Turanci nake mafarki. Ban taɓa taɓa kalkuleta ba, don masu ƙaramin kai aka yi wa ita. Lambobi suna zuwa mini ne da kansu, su yi layi, su gaishe ni. Abin da nake dasa wa 'ya'yanku ke nan, kuma duk wanda ya tsaya a hanya, yau za ku ga ƙarshensa."

Hajiya Ma'u ta ji daɗi har ta gyara zaman mayafi. Ta ɗaga hannu daga kan kujerarta ta gaba.

"Dokta, sannu da ƙoƙari, Allah shi biya. Ga ɗan tukuici na kawo ma yara. Littattafan rubutu ne, kwali bakwai, ko wane da arba'in da takwas a ciki. Duka nawa ke nan? In sani ko za su isa."

Dokta ya yi murmushin manya. Ya kira Siddiq, zakaran ajinsa. Siddiq ya fito ya haɗe ƙafafu, ya ɗaga kai sama, ya kama waƙar gidan bakwai tiryan-tiryan. Ya kai bakwai sau sha biyu ya tsaya cak, don a nan waƙar ta ƙare. Ya sake komawa farko, ya sake isowa wurin, ya sake tsayawa. Dokta ya dafa kan yaron ya ce kunya gare shi.

Hajiya ta ce, "Ayya, bar shi. To kai hwaɗa mana, Dokta."

Ya ce wannan ai abin wasa ne. Ya lumshe ido ya kira lambobin da Turanci, su zo su yi layi. Bakwai ta zo, takwas ta zo, ya ajiye shida ya riƙe biyar, kafin ya waiwayo kan huɗu biyar ɗin ta sulale. Ya sake kamowa, wannan karon shidan ce ta gudu. Wayarsa na aljihu tana taɓa masa cinya, amma yanzun nan ya gama zagin kalkuleta a gaban mutum ɗari. Zufa ta fara bin naktaye.

Sai ya yi abin da manyan masana ke yi. Ya juya wa jama'a baya, ya fuskanci bango kamar mai zurfin nazari, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, daidai inda aka maƙala ɗan abin nan na 'yan talabijin. Babban yatsansa ya hau kan gaɓoɓi. Manyan lasifika biyu suka ɗauko raɗa suka watsa ta har bakin titi.

"Bismillahi. Arba'in da takwas, hamsin ba biyu ke nan. Hamsin bakwai, ɗari ukku da hamsin. Biyu bakwai, sha huɗu. A hidda goma, saura ɗari ukku da arba'in. Talatin da tara, da takwas, da bakwai, da shidda. Ɗari ukku da talatin da shidda. Yawwa, alhamdu lillahi!"

Katsinanci ne tsantsa, wanda ko tsohuwar da ba ta taɓa fita ganuwa ba sai ta sara masa. Kuma a yi masa adalci, amsar daidai take.

Ya juyo fuska a sake, ya gyara tabarau, ya shelanta amsar da Turanci ta hanci, ya buɗe hannuwa yana jiran tafi. Babu wanda ya motsa. Can daga layin 'yan Ƙofar Marusa wata tsohuwa ta ce, ba da niyyar kowa ya ji ba, "Allah sarki, ashe Babajinmu na nan da ransa cikin rigag ga."

Bai gane ba sai da ya ga Malama Rahila ta taho. Ba ta yi sauri ba, ba ta yi murmushi ba. Ta zo gabansa ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa shugaba, ta cire jar igiyar daga wuyanta, ta ɗaga hannu biyu ta rataya masa. Ƙahon ya sauka a kan naktaye ya bugi makirufo, lasifika suka ce ƙwal.

Dokta ya dubi Hajiya Ma'u. Hajiya ba ta iya karanta abin da ke bango ba, amma 'yar kasuwa ba ta mance abin da aka faɗa mata baki da baki. Ta nuna layi biyun nan da ke bayansa ta ce, "Har kai, ka ce."

To amma ƙararrawa ba ta buga ba tukuna, kuma doka ta ba shi damar sauke wa wani. Mutum ɗaya kawai yake bukata, kalma ɗaya tak. Ya sauko daga dakali ya nufi layin yara yana washe baki, ya ce da Hausa, tunda yanzu ba abin da zai ƙara asara, "Yara, ina kwananku? Ya karatu?" Yara suka dube shi. Ya tsaya kan Caleb ya ce, "Kai, ya sunan kakarka?" Caleb ya haɗe leɓe. Ya matsa wurin Lailatu ya ce, "'Yata, ɗazu nawa na ce?" Ta ba shi amsa da Turanci mai kyau, irin wanda ya koya musu. Ya juya wurin malamai, kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Tun da aka kafa dokar ba ta taɓa aiki yadda ya so ba sai yau: makaranta guda, babu mai ko tari da Hausa.

Sai idonsa ya faɗa kan darbejiya. Ɗanliti na tsaye a gindinta da guntun ƙarfe a hannu, mutumin da duk duniya ba shi da wani yare sai Hausa. Dokta ya ji sanyi a ransa. Ya tafi da sassarfa, ƙahon na dukan ƙirjinsa, ya dafa kafaɗar mai gadin da bai taɓa gaisarwa ba, ya sassauta murya, lasifika na rakiyarsa.

"Malam Ɗanliti, ɗan'uwana, don girman Allah, ƙarfe nawa yanzu?"

Ɗanliti ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi Dokta. Sannan ya ɗaga ƙarfen hannunsa ya ba shi amsa a jikin wili.